Ranar da Bijimaina Suka Ja Jirgin Sama

Shekarun baya da nisa, tun Turawa suna ƙasar nan, akwai wani ɗan jirgin sama da ya saba sauka a fadamar garinmu, can gabas da Haɗeja. A lokacin ban daɗe da yin aure ba, mahaifina ya rasu, ni nake riƙe da gida, ga mahaifiyata a ciki. Abin da nake taƙama da shi a duniya bijimai biyu ne na huɗa, ɗaya fari ɗaya ja, waɗanda na hora da hannuna. Masu shanun huɗa ba su da yawa a garin a wancan zamani, saboda haka ina ji da kaina fiye da kima. In na ɗora musu karkiya har tafiyata canzawa take yi, kuma ko da akwai gajeriyar hanya zuwa gona, ta bakin kasuwa nake bi.

Jirgin ƙarami ne, mutum biyu yake ɗauka. Da bazara ya fara zuwa. An share masa fili a gefen fadama inda ƙasa ta kwanta, aka kuma kafa masa wata faffaɗar rumfa ta azara da kwano a kan jigawar da ke sama da filin, domin kowa ya san in kogi ya kawo, filin nan ruwa yake komawa. In jirgin ya sauka, da ƙarfin injinsa yake hawa tudun yana ƙara har ya isa bakin rumfar. Baturen da ke tuƙa shi yakan tashi da safe ya bi kogi ƙasa-ƙasa, ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kamar mai huɗa. An ce akwai wata na'ura a cikinsa mai ɗaukar hoton ƙasa. Ba wanda ya tara mu ya ce ga abin da za a yi da hotunan. Da aka matsa wa bulama, cewa ya yi shi ma aikin taswira aka ce masa, bai san komai ba bayan wannan.

Daga nan zargi ya shiga gari. Wasu suka ce gonaki ake dubawa don a ƙara haraji. Wasu suka ce fadamar za a ƙwace a ba wasu baƙi. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne babban masuntan garin, kuma shi ra'ayinsa daban ne. Ya ce ba ƙasa ake aunawa ba, ruwa ake aunawa, kuma bai ga dalilin da zai sa mutum ya taso daga wata duniya ya auna ruwan wasu ba in ba tare shi yake son yi ba. Kawu ba mai yawan magana ba ne, amma in ya faɗi abu masunta ba sa tsallakewa. Duk lokacin da jirgin ya bi ta kansa yana cikin kwalekwale, ko ɗaga kai ba ya yi.

A tsakiyar wannan al'amari akwai abokina. Tare muka tashi, tare aka yi mana kaciya, tare muka sha bulala a makarantar allo. Da aka zo ɗiban soja ya tafi, har ya kai ƙasar Bama wajen yaƙi, ya dawo da Turanci a bakinsa da wani irin shiru da ba mu san shi da shi ba. Shi Baturen ya ɗauka aiki. Shi ne tafinta, shi ne mai gadi, shi ne mai murza farfela in za a tashi. Tun daga nan mutane suka fara ja baya da shi. In ya iso gindin bishiyar da muke zama, sai hira ta koma kan ruwan sama da ciwon baya. Ni ban daina cin abinci da shi ba, amma gaskiya nakan tauna magana kafin ta fito. In ya tambaye ni inda ruwa ya tsaya bara a gonata, sai in riƙa tunani ko don kansa yake tambaya ko don maigidansa. Nakan ba shi amsa da rabin baki. Shi ma ya gane.

Ana tsakiyar marka injin jirgin ya mutu. Baturen ya sauka da kyar a filin, daga nan ko tari jirgin bai ƙara yi ba. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano, ga shi hanyar mota ta yanke. Jirgi ya zauna a fadama, ruwan sama na dukansa. Sai masunta suka fara cewa kogi ya canza launi, ciyayi da karare na saukowa daga wajen Miga, alamar babban ruwa na tafe. Baturen ya gwada tura jirgin da 'yan leburorinsa, taya ta nutse a laka, ko gindin tudun ba su kai ba. A gari kuwa murna ake yi a ɓoye. Na ji da kunnena wani masunci, sa'ana, yana cewa a bar wa kogi aikinsa, shi ya san yadda zai yi da baƙon da ba a gayyata ba.

Wata hantsi ina ba shanu dusa abokina ya yi sallama. Bayan gaisuwa ya ce Bature na son shanu su ja jirgin zuwa rumfa washegari, mutane na turawa. Na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa gidan bulama, tunda shanunsu sun fi nawa girma, gidan ma ya fi kusa da filin.

"Naka sun fi jin magana," in ji shi. Turke yake kallo, ba ni ba.

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Nan take na hango kaina a gaban jama'a, shanuna na jan abin da ke tashi sama. Na ce masa to. Amma yana fita mahaifiyata ta leƙo daga bayan zana, ashe duk ta ji. Ta daɗe tana kallon ƙofar da ya bi, sannan ta ce, "Yaron nan ya wuce gidaje biyu masu shanu kafin ya iso nan. Ka zauna ka yi tunani." Ta koma kan aikinta.

Na zauna na yi tunanin, bai kai ni ko'ina ba sai ciwon kai. Na ce ko so yake in jirgin ya lalace a ɗora wa shanuna laifi. Na ce ko so yake a daina zarginsa shi kaɗai, a riƙa cewa ai ga wane ma yana yi wa Bature aiki. Na ce ko wata tsohuwar gaba ce tsakaninmu da na manta, shi bai manta ba. Har wata rigima da muka yi muna samari a kan kokawa sai da na tono. Ina cikin haka labari ya iso ni cewa bulama ya aika wa Kawu ya kawo masunta su yi turin, don su ne ƙarfafan da ke gari, manoma duk suna gona. Mutanen da ke addu'ar kogi ya ci jirgin, su za a sa su riƙe shi a kan tudu, ni da shanuna muna ɗaure da shi.

Da la'asar na gangara bakin kogi. Na sami Kawu yana gyaran komar kamun kifi a inuwar kwalekwalen da aka kifa. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗan yi kewaye-kewaye, sannan na gaya masa ni zan kawo shanun da za su ja. Bai ɗago ba. Ya tambaye ni wa ya ce in kawo su, na faɗa masa. Ya ja zaren ya ƙulle, ya sa haƙori ya tsinke, sannan ya ce, "To." Masuntan da ke gefensa suka kalli juna. Ɗaya ya yi 'yar dariya ya ce laka dai ba ta da tabbas, hannu yakan zame. Kawu bai tsawata masa ba. Na dawo gida da tsoron da ya fi wanda na tafi da shi.

Janyewa ba ta yiwuwa, don maganar ta riga ta kai ga bulama da Bature. Abin da na yi shi ne na ɗauko wuƙata na wasa ta sosai. Na ce a raina in abu ya ɓaci, igiya zan datse in ceci shanuna, kowa ya ji da kansa. Da safe na soke ta a ƙugu a ƙarƙashin riga, na kora shanu.

An yi ruwa kafin gari ya waye. Da muka isa, kogi ya riga ya shigo gefen filin, yana tafiya a hankali cikin ciyawa, kwaɗi sun cika wurin da kuka. Ranar na fara taɓa jirgin sama, kuma na ji kunya a madadinsa. Ashe jikinsa ba ƙarfe ba ne, wani irin yadi ne aka ɗame aka shafa masa fenti, in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Wani ya kai hannu zai tura ta gefe, Baturen ya daka masa tsawa. Abokina ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu inda za su kama, wato sandunan ƙarfen da suka tokare fikafikan. Aka juya jirgin, wutsiya ta fuskanci tudu, hanci ya kalli kogi, don ta baya za a ja shi ya shiga rumfa.

Abokina ya ɗaura igiya daga wutsiyar zuwa sarƙar karkiya. Yana gamawa na tsuguna a gabansa na kwance ƙullin, na bi igiyar da hannu tun daga wannan kai har wancan ina neman inda aka ɗan yanka, sannan na sake ɗaurawa da kaina. Wannan cin fuska ne, na sani, shi ma ya sani. Ya tsaya yana kallona har na gama, ya juya ya ɗauki waigi biyu, guntayen itacen da ake tokare taya da su.

Baturen ma bai yarda da mu ba. Ya ƙi tsayawa inda abokina ya nuna masa, ya koma gefe inda zai riƙa ganin hannun kowa. Masunta suna hararar Bature, Bature na hararar masunta, ni ina hararar su duka. Bulama ya tsaya can nesa a kan busasshiyar ƙasa, ya harɗe hannu a baya, don kada a ce yana nan kuma kada a ce ba ya nan.

Shanuna ba su so warin fetur ba. Farin ya toge yana huci, sai da na daɗe ina shafa wuyansa ina yi masa magana kafin ya yarda. Na kama igiyar hancinsu na tsaya a gabansu, ina tafiya da baya-baya. Hakan ya sa fuskata na kallon ƙasa, komai a idona yake. Ga shanu, ga igiya, ga jirgi, ga kawunan masunta a ƙarƙashin fikafikai, Kawu a hannun dama. Abokina kuwa yana duƙe a bayan tayoyin ta wajen gangare, waigi a hannu. In an ja an tsaya hutawa sai ya cusa su, in za a sake ja ya zare. Ko a lokacin na lura cewa in jirgin ya kuɓuce, shi zai fara bi ta kai, amma ban tsaya na auna abin da hakan ke nufi ba. Hankalina na kan shanuna.

Daga laka muka fita da kyar, taya na tsotsar ƙasa. Da muka kama gindin tudun abin ya ɗan yi sauƙi, har wani ya fara ba da waƙar turi, ba wanda ya amsa masa, ya yi shiru. Tsakiyar tudun ne wurin da ya fi miƙewa, kuma nan leburori suka zuba jar marmara tun da rani, ruwa ya mayar da ita kamar sabulu. Kafin mu shiga wurin aka tsaya hutawa. Na ga Kawu ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi magana, shi ma ya raɗa wa na gaba. Na ga maganar ta zagaya ta ƙarƙashin jirgin ta koma ɗaya fiffiken. Na so in ce a dakata, amma ban san abin da zan ce ya sa ba.

Abokina ya zare waigi, na yi wa shanu magana, suka sa ƙarfi. Mun yi nisa cikin santsin sai ƙafar jan bijimin ta zame, ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Igiya ta saki, ta sake ɗamewa da ƙarfi, jirgin ya fara gangarawa ƙasa. Da idona na ga mutum biyu a fiffiken hagu sun saki sun yi tsalle gefe. Jirgin ya karkata, ya ja farin bijimin, karkiya ta murɗe masa wuya, idanunsa suka firfito. Na kai hannu ƙugu. Babu wuƙa. Wuƙar da na ɓata yammaci guda ina wasawa ta sulale ta faɗi tun a wani wuri, ko a hanya ko wajen ɗaurin igiya, ban ma ji faɗuwarta ba. Har yau ina gode wa Allah da bai bar mini wannan zaɓi a hannu ba, domin akwai mutane a ƙarƙashin jirgin nan.

Da na rasa wuƙa sai na yi abin da ya rage. Na rungumi ƙahon jan bijimin ina ja ina kiran sunansa. Ta saman wutsiyar jirgin na ji muryar Kawu, irin wadda yake kiran kwalekwale da ita daga wancan ƙetare.

"Duk wanda ya saki, kada ya ƙara shiga ruwa da ni!"

Dattijon ya cusa kafaɗarsa a jikin ƙarfen, ya kafe ƙafafu, laka na tafiya da shi yana sake kafewa. Mutum biyun nan suka dawo da gudu suka kama. Abokina ya kwanta rub da ciki a cikin marmara ya tura waigi a ƙarƙashin tayar hagu. Tayar ta hau itacen, ta haɗa da hannunsa, ta tsaya. Bai yi ihu ba, wani irin nishi kawai na ji. Jan bijimin ya yunƙura ya miƙe. Na buga musu tsawar da ban taɓa yi musu ba, suka ja, taya ta sauka daga hannun abokina, ya mirgina gefe. Daga nan ba mu ƙara tsayawa ba har muka hau kan yashin jigawa.

Shigar da shi rumfa wani aiki ne daban. Aka kwance shanu, aka koma turi da hannu a hankali, domin tsakanin bakin fiffike da ginshiƙi bai wuce tafin hannu ba ta kowane gefe. Abokina ya naɗe hannunsa da hularsa, jini na ɗiga, yana tsaye yana cewa a yi dama, a yi hagu. Da jirgin ya shige aka tokare tayoyi, mutane suka zube a ƙasa suna haki. Ba wanda ya yi murna.

Baturen ya zagaya jirginsa yana shafawa. A ƙarƙashin fiffiken dama ya ga inda yadin ya yage, daidai wurin da kan Kawu ya buga. Ya sa yatsa a ciki, ya juyo yana kallon masunta ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa abokina tambaya. Ko ba ka jin Turanci ka san cewa yake wa ya yi wannan, kuma me ya sa wasu suka saki. Abokina ya ba shi amsa gajeriya, ya ɗaga masa hannun nan mai jini. Baturen ya yi ja har kunnuwa, ya shiga rumfa ya ɗauko akwatin magani. Abin da aka faɗa a Turancin nan ba a taɓa fassara mana ba.

Washegari filin ya zama tafki. Inda jirgin ya tsaya, kwalekwale ke wucewa.

Na je yi wa Kawu godiya na same shi kwance, an ɗaure masa kafaɗa. Bai karɓi godiyar ba. Ya ce ra'ayinsa a kan jirgin yana nan, da za a sake ba kogi dama da ya fi so. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya raɗa wa mutanensa kafin mu shiga santsi. Ya ce ce musu ya yi kowa ya riƙe da gaskiya. Na tambaye shi ko kafin nan an shirya wani abu daban. Ya juya fuska bango ya ce in je in tambayi abokina dalilin da ya sa ya zaɓe ni, shi ya fi kowa sani.

Na sami abokina a bakin rumfar jirgin yana zaune, hannu a naɗe da farin ƙyalle. Ban zauna ba. Na ce masa ya gaya mini gaskiya, don shanuna ba su fi na kowa jin magana ba. Bai yi musu ba. Ya ce tun kafin a aika wa Kawu ya ji abin da masunta ke ƙullawa, cewa in aka kira su turi, ana kai tsakiyar tudu za a saki, a ce santsi ne. Ya ce da an yi haka, jirgin zai farfashe, Bature ba yaro ba ne, za a turo 'yan doka daga Haɗeja a kwashe Kawu da mutanensa, wasu ba za su dawo da wuri ba. Ya ce ya rasa wanda zai gaya wa. In ya gaya wa Bature ya tona asirin garinsu, in ya je wajen Kawu ba zai saurare shi ba, tunda a ganinsu ya riga ya zama ɗan Bature. Sai ya nemi wanda in aka ɗaura shi a jikin jirgin, Kawu ba zai iya bari a saki ba.

Na ce, "Wato garkuwa ka yi da ni."

Ya ce, "Da na gaya maka, da ka zo?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Shi ya sa."

Na juya na tafi, kuma na daɗe ban yi masa magana ba. Jan bijimin ya yi ɗingishi har kaka, huɗar ƙarshe ta wannan shekara da garmar hannu na ƙarasa ta, ina yi ina tsine wa jirgi da mai jirgi da tafintansa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zargin da na yi ya tabbata, amma ta inda ban zata ba, kuma na shiga tarkon da ƙafata saboda an yabi shanuna.

Mahaifiyata ce ta karya ni. Ita da ta fara cewa in yi tunani a kansa, ita na tarar wata rana tana zuba fura a ƙwarya ta ce in kai masa, don mai hannu ɗaya ba ya iya damu. Na ce ba za ni ba, na tuna mata abin da ya yi. Ta ce ta sani, ba ta kuma ce ya kyauta ba. Amma ta ce in tuna inda ya ajiye ni da inda ya ajiye kansa, ni a sama da igiya, shi a ƙasa da taya. Ta ce yayanta yana kwana a ɗakinsa yau, ba a gidan yari ba. Na ɗauki ƙwaryar ina gunaguni. Da na kai masa bai yi mamaki ba, ya matsa mini a kan tabarma, muka sha tare, ba wanda ya ɗauko zancen.

Mutum biyun da suka saki sun rantse har suka mutu cewa tsoro ne da santsi. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, mai yiwuwa raɗar Kawu ce ba ta kai kunnensu daidai ba, mai yiwuwa kuma sun ji suka ƙi. Jirgin ya zauna a rumfarsa har ruwa ya janye, aka zo aka gyara shi ya tashi. Ya ƙara zuwa rani ɗaya, daga nan ba mu sake ganinsa ba. Na taɓa tambayar abokina ko ya san abin da aka yi da hotunan. Ya ce shi ma ya tambayi Baturen, ya ce masa aikawa yake yi da su gaba, bai taɓa ganinsu ba bayan nan. Na yarda da shi, ko in ce na zaɓi in yarda. Shekaru da yawa bayan Turawa sun tafi aka yi madatsun ruwa can sama, kogi ya daina kawowa yadda muka san shi. Tsofaffin masunta suka ce ga maganar Kawu ta fito, shi kuwa lokacin ya daɗe a ƙasa. Ko hotunan nan suna da hannu a ciki, ban sani ba, ban kuma sami wanda ya sani ba.

In na tuna wannan rana, abin da ke ba ni mamaki shi ne kusan kowa a cikinmu yana da hujjar zarginsa. Mahaifiyata ta yi daidai, Baturen ya yi daidai da ya tsaya yana kallon hannaye, abokina ya yi daidai a kan masunta, ni ma na yi daidai a kansa. Amma duk da haka mu ɗin nan, da ba wanda ya yarda da wani, mu muka kai abin nan sama ba a rasa rai ba. Tun daga nan in zuciyata ta ce mini wane yana ɓoye wani abu, nakan yarda da ita. Abin da na daina shi ne saurin yanke cewa na san abin da yake ɓoyewa da dalilinsa.

Ni da abokina mun tsufa tare a garin. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba. Yatsunsa biyu na hannun dama sun warke a lanƙwashe, duk lokacin da muka yi musafaha sai na ji su a tafina. Da ya rasu ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Na kama hannun na gwada miƙar da yatsun a hankali, suka ƙi. Liman ya ce in bar su haka, na daɗe ina riƙe da su kafin na saki.